Injina Yana Ɗaukar Zafi: Murza Kafireta Zai Magance?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da injin ban ruwa mai ƙarfin doki 6.5, irin wanda ake zuba wa baƙin mai daban da fetur. Kwanan nan in ya yi kamar minti 20 yana aiki sai ya ɗau zafi har ƙaurin fenti ya riƙa tashi, ƙararsa tana hawa tana sauka, amma da na ja cok rabi sai ya daidaita. Wani ya ce in murza sukurun kafireta in ƙara masa mai. Wane sukuru ne, ta wane ɓangare, kuma zagaye nawa? Sannan ina da zarton inji mai sukuru biyu, ɗaya an rubuta L ɗaya H, shi ma ina son sanin yadda ake saita shi.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Wanda ya ba ka shawarar nan ya gano ciwon, maganin ne ya kuskure. Injinka ƙishirwar mai yake yi, kuma kai da kanka ka kawo shaidar a tambayarka, da ka ce cok yana daidaita shi. Aikin cok shi ne ya toshe hanyar iska don inji ya zuƙo fetur da yawa. Injin da ya riga ya yi ɗumi ba ya bukatarsa, in ka ja masa ma tari zai yi ya fitar da baƙin hayaƙi. Wanda kuwa ya ji daɗin cok bayan minti 20 yana aiki, to man da ke isa gare shi bai kai yadda yake so ba. Sai dai a irin injinka babu wani sukuru da ke ƙara mai a lokacin da yake jan ruwa. Zan zo kan wannan, amma bari mu fara da abin da ya haɗa ƙarancin mai da zafi, domin mutane da yawa suna ɗauka akasin haka ne, wai mai da yawa shi ke kawo wuta da yawa.

Fetur yana ƙonewa ƙurmus in an haɗa kashi 1 nasa da kashi 14.7 na iska, a ma'aunin nauyi. Amma masu ƙera ƙananan injuna da iska ke sanyaya su ba sa saita su a kan wannan ma'auni idan suna ɗauke da lodi. Suna barin mai ya ɗan yi yawa, wajen kashi 12 zuwa 13 na iska, da gangan. Wannan rarar man da ba ta samu iskar ƙonewa ba tana zama tururi ta kwashe zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki, kuma tana rage kaifin wutar da ke kan fistin. Injin da ba shi da lagireto da ruwa, yawancin sanyinsa daga fanka yake, amma fetur ɗin da kansa ma yana taimakawa. In ka janye wannan rarar, wutar ta fi zafi. In ƙarancin ya ƙara tsanani, ƙunar takan yi jinkiri, har bawul ɗin hayaƙi ya buɗe wuta ba ta gama ci ba, sai ta bi ta kansa ta faɗa salansa. Shi ya sa za ka ga salansa ta yi ja da daddare, ka ji tana harbi ɗai-ɗai. Fistin kuma da alminiyam aka yi shi, wanda ke narkewa a wajen digiri 660, amma tun kafin a je nan yake kumbura ya kama jikin silinda.

Kafin ka ɗauki sukundireba, ka tambayi fulogi. Ka bar injin yana jan ruwa na minti 10, sai ka kashe shi kai tsaye yana cikin aiki, ba tare da ka sauke shi silo ba, wato ƙaramin gudun da yake yi in babu lodi, don silo yana sauya launin. In ya huce ka kwance fulogin ka dubi farin tangaran da ke tsakiyarsa. Ruwan ƙasa mai haske kamar busasshen ganye, lafiya lau. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa, kuma ba kafireta ce ke kawo zafin ba. Fari fat kamar alli, ko da ƴan ƙuraje a jiki, wannan shi nake sa ran za ka gani.

Ko da ka ga farin, kada ka tsallake ɓangaren sanyaya, domin sau da yawa ciwo biyu ne suke haɗuwa. Cire marfin fanka, wanda igiya ke jikinsa, ka dubi siraran ƙarafan nan da ke zagaye da silinda kamar haƙarƙari. Injin ban ruwa a cikin laka da ciyawa yake kwana, kuma na sha samun tsakanin haƙarƙarin nan a cike da busasshen taɓo, har da gidan zanzaro. Ka goge su tas, ka tabbata babu fiffiken fanka da ya karye, sannan ka mayar da marfin da duk ƙananan kwanukan da ke karkatar da iska. Akwai masu cire marfin nan wai don inji ya sha iska. Kashe inji ne. Marfin shi ke tilasta wa iskar fanka bi ta jikin silinda, in babu shi sai ta watse a banza. Duba baƙin mai kuma a ƙasa mai daidai. Injuna irin Honda GX160 da GX200 da masu kwaikwayonsu wajen lita 0.6 kacal suke ɗauka, saboda haka ragi kaɗan ma babban ragi ne. Sai gudu: an yi su ne su yi aiki a wajen juyi 3,600 a minti. Mai sassauta totur don tsimin mai alhali lodin yana nan, ya rage wa fanka gudu ya bar wa inji nauyi.

Yanzu kafiretar. In ka dube ta za ka ga kofi a ƙasa, wanda fetur ke taruwa a ciki, da fulot da ƴar allurarsa masu tsayar da man a daidai wani mataki. A cikin bututun da ke tsakiyar kofin akwai babban jet, wani ɗan guntun tagulla mai rami a tsakiya, a samansa kuma akwai siririn bututu mai ƙananan huji a gefe inda mai ke cakuɗuwa da iska. Duk man da injin ke sha yana jan ruwa, kusan ta ramin babban jet ɗin nan yake bi, kuma girman ramin a kafe yake, ba a murza shi. Sukurun da kake gani a waje guda biyu ne. Ɗaya yana tokare hannun totur ne kawai, don saita gudun silo. Ɗayan, mai tsini, yana daidaita man silo da na ƙaramin gudu. Ka kwance shi zagaye biyar ma, man da ke zuwa a cikakken lodi ba zai ƙaru da abin kirki ba. Abin da za ka samu shi ne inji mai wuyar tashi da warin ɗanyen fetur a silo, zafin kuma yana nan.

To tunda an ƙera ramin daidai kuma injin ya yi aiki lafiya a baya, tambayar da ta kamata ita ce me ya sauya. Amsar ba ta wuce biyu: ko mai ya ragu a hanya, ko iska ta samu ɓarauniyar hanya.

Fara da mafi sauƙi, wanda minti 20 ɗin da ka ambata ya sa na zarge shi. Marfin tanki yana da ƴar ƙofar numfashi. In ta toshe, yayin da mai ke sauka sai tankin ya riƙe shi, kamar yadda kake toshe bakin tsinken shan lemo da yatsa ruwan ya ƙi zuba. Injin zai tashi lafiya, ya yi aiki na wani lokaci, sannan kofin kafireta ya fara ƙafewa. Gwajin ba ya cin komai: da ya fara hawa da sauka, sassauta marfin tankin. In ya daidaita cikin ƴan daƙiƙu, ka gama. In bai daidaita ba, kashe injin, rufe famfon mai, kwance ƙaramin kofin datti da ke ƙarƙashin famfon ka wanke, sannan ka kwance sukurun tsiyaya na gindin kafireta ka buɗe famfon ka ga yadda man ke zuba cikin gwangwani. Ya kamata ya zubo a jere ba yankewa. In ɗigo yake yi, matsalar tana sama, a matatar cikin tanki ko tiyo ko allurar fulot.

In mai yana isowa sosai, sai a buɗe kafiretar. Fetur da ya daɗe a kofi yana bushewa ya bar wani danƙo kamar ƙaro, kuma ramin da muke magana a kai bai kai milimita ɗaya ba. Lambar da ke jikin jet ɗin, misali 70 ko 72, tana nufin kusan milimita 0.70 ko 0.72. Danƙon da ido ba ya gani ya isa ya rage man. Kwance jet ɗin da sukundireba mai baki daidai da shi, don tagulla ba ta da wuyar cinyewa, turo bututun da ke samansa, ka fesa musu maganin wanke kafireta, ka hura da iska, ka ɗaga su ka ga haske ta kowane huji. Sai ƙaramin jet, wanda a irin waɗannan injuna baƙar roba ce da aka cusa daga sama, a ƙarƙashin sukurun da ke tokare totur. Ƙirga zagayen sukurun kafin ka cire shi don ka mayar da shi yadda yake. Wannan ƙaramin jet shi ne ya fi jawo hawa da saukar da kake ji: mai ya gaza, gudu ya faɗi, gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, ya buɗe totur, babban jet ya kawo ɗauki, gudu ya wuce, gwamna ya rufe, a sake komawa gidan jiya. Mutane sukan kama gwamna da laifi su lanƙwasa masa sifirin, alhali shi aikinsa kawai yake yi.

Abin da nake roƙonka shi ne kada allurar ɗinki ko wayar ƙarfe ta shiga ramin jet. In dole ne, zare silin tagulla ɗaya daga tsohuwar wayar lantarki, shi ya fi jet ɗin laushi. Faɗin rami in ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, bakinsa ya ƙaru da kashi 21, kuma abin da ka kankare ba ya komawa.

Ɓarauniyar iska ta fi wuyar kamawa. Tsakanin kafireta da kan silinda akwai gaskit biyu da wani baƙin faifai mai kauri da ke hana zafi isa ga kafireta. Duk iskar da ta shiga ta nan ba ta bi ta kan jet ba, saboda haka ba ta ɗauko mai ba. Tsagar da ke faifan kuma takan buɗe ne idan ƙarfe ya yi zafi, abin da ya sake dacewa da labarinka. An taɓa kawo mini wani inji da aka riga aka faɗaɗa masa jet har sau biyu a wani wurin, yana shan mai kamar rariya kuma bai daina zafi ba. Tsaga ce siririya kamar gashi a faifan nan. Muka sauya shi, sai kuma ga baƙin hayaƙi, dole muka nemo sabon jet don maye wanda aka ɓata. Yadda ake gwadawa: inji yana silo, ka fesa maganin wanke kafireta kaɗan a mahaɗar. In ƙarar ta sauya, akwai yoyo. Ka yi shi a fili, da ɗan tsinken feshin, nesa da salansa, domin abin yana kamawa da wuta. Dubi matatar iska ma. Mai datti tana sa mai ya yi yawa ne, amma wadda ta yage ko aka cire ta gaba ɗaya tana sa iska ta rinjaya, ga ƙura da za ta cinye ringi.

Sai bayan duk wannan ne sukurun da aka ce ka murza, mai tsinin nan, yake da amfani. Ɗaure shi a hankali ta ɓangaren da hannun agogo ke bi har ka ji ya taɓa, taɓawa kawai, don in ka matse tsininsa zai lalace. Kwance shi wajen zagaye 2 a matsayin mafari. Tada inji ya yi ɗumi na minti 5 zuwa 10, cok a buɗe, sauke totur zuwa silo. Riƙa murza kwatan zagaye a kowane karo, kana jira ƴan daƙiƙu bayan kowanne, har ka samu inda ƙarar ta fi tashi ta fi santsi, sannan ka ƙara kwancewa ɗan kaɗan. Daga nan ka saita gudun silo da ɗaya sukurun, wajen juyi 1,400 a minti. A wasu sababbin injuna za ka tarar an sa wa sukurun hular roba ko an toshe shi ɗungum, saboda dokokin hayaƙi na Amurka da Turai. Irin waɗannan dama an saita su a bakin gaɓar ƙarancin mai, shi ya sa datti kaɗan ke tayar musu da hankali.

Akwai lokacin da sauya jet yake halatta. Iska tana sirancewa a kan tudu, inji yana rasa kusan kashi 3.5 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300, don haka ake sa wa injunan da ke aiki a wurare masu tsayi ƙaramin jet. In aka sauko da irin wannan inji ƙasa ba a mayar masa da nasa na asali ba, zai yi ƙishirwa ya ɗau zafi, kuma Honda da kanta tana gargaɗi a kan haka. Fetur mai gaurayen etanol kashi 10 shi ma yana ɗan karkata ga ƙaranci. In ka tabbata komai a wanke yake, babu yoyo, fulogi kuma har yanzu fari, ƙara lamba ɗaya kawai, kamar daga 70 zuwa 72, ka sake karanta fulogin.

In kuwa fulogi ya nuna ruwan ƙasa amma zafi bai tafi ba, bar kafireta ta huta. Auna tazarar bawul inji yana sanyi, milimita 0.15 na shiga, 0.20 na hayaƙi a irin GX160, domin bawul ɗin hayaƙi yana sauke zafinsa ne idan ya zauna daram a mazauninsa. Tabbata fulogin nasa ne, irin BPR6ES, don a lambobin fulogin kamfanin NGK ƙaramar lamba ta fi riƙe zafi. Salansa da ta toshe da kunkunniya ma tana dafa inji.

Zartonka kuwa wani labari ne, kuma a nan ne murza sukuru yake da iko na gaske, har da ikon kashe inji cikin minti ɗaya. Injinsa mai bugu biyu ne, baƙin mansa a cikin fetur yake. Rage masa fetur rage masa man shafawa ne a lokaci guda, a inji mai juyi sama da 12,000 a minti. Kafiretarsa, ko ta kamfanin Walbro ce ko ta Zama, ba ta da kofi, da wata ƴar fata mai motsi take zuƙo mai. L na ƙaramin gudu ne, H na cikakken totur, na ukun mai T ko LA na gudun silo. A L da H duka, ɗaurewa rage mai ne, kwancewa ƙarawa. Mafari a yawancinsu zagaye 1 ne zuwa 1 da rabi daga inda suka taɓa, in babu hular roba, amma littafin zarton ka shi ne alƙali.

Wanke matatar iska tukuna, sa sarƙa da takobinta yadda ya kamata, tanki ya wuce rabi, inji ya yi ɗumi. Fara da L: nemi inda silo ya fi tashi, sannan ka kwance kwatan zagaye. Matsa totur farat ɗaya. In ya yi kamar zai shaƙe kafin ya ɗauka, ƙara kwancewa kaɗan. Saita T yadda sarƙa za ta tsaya cik a silo, wannan maganar tsaron hannunka ce. Sannan H, inda tarkon yake. Yayin da kake ɗaure shi, ƙarar tana ƙara kaifi da daɗin ji, zarton yana kururuwa kamar sabo, kuma wannan daɗin shi ne hanyar kamewar fistin. Saitin da ke daidai ba shi da daɗin ji: a cikakken totur ba tare da katako ba, za ka ji yana ɗan gurnani kamar mai kurkure maƙogwaro, da ka kafa shi a itace sai ƙarar ta washe. In ya washe tun a iska, kwance H. Kada ka riƙe shi a cikakken totur babu lodi fiye da ƴan daƙiƙu, kuma in za ka samu na'urar auna juyi, ta fi kunne gaskiya, musamman a zartunan da koyil ɗinsu ke yanke gudu da kansa, don yankewar tana kama da gurnanin nan ta yaudare ka.

Haɗin mai ka bi abin da aka rubuta. In 50 da 1 ne, mililita 20 na man bugu biyu a litar fetur, in 25 da 1 ne, mililita 40. Zuba fiye da haka ba ya sanyaya inji, kunkunniya yake tarawa a salansa. In kuma ka ga zarton yana neman H ya wuce zagaye 2 kafin ya yi gurnani, ko silonsa yana tashi da kansa, ko yana sauyawa in ka kwantar da shi gefe, to ba saiti ba ne. Tiyon mai ya tsage, ko fatar kafireta ta bushe, ko robar da ke rufe bakin kiranshaf tana shigar da iska. Dakata da yanka har a gyara. Wata ƴar tunatarwa tunda hannunka zai saba da murzawa: a babura da yawa sukurun silo iska yake daidaitawa, musamman in yana ɓangaren matatar iska, kuma shi kwancewa rage mai ne. Kada ka ɗauki dokar zarto ka kai can.

Komawa kan injin ban ruwanka, bayan gyara ka zubar da baƙin man da ke ciki ko da bai daɗe ba, don man da ya dahu har fenti ya yi ƙauri ya gama aikinsa. Sa sabo, ja ruwa na minti 30 a fili inda hayaƙi ba zai taru ba, cok a buɗe gaba ɗaya, sannan ka sake duba fulogi. Lura kuma da igiya lokacin da kake ja. In ta yi sakwaf ba ta da turjiyar da ka saba ji, ko shuɗin hayaƙi ya fara fita, zafin ya riga ya taɓa ringi, sai a buɗe kan silinda a duba jikinta kafin ka sake ɗora masa lodi.